Da Sauƙi, In Ji Dogo

Litinin, da hantsi

Jiya aka fito da jirgin ƙarƙashin tekun daga ruwa, amma mutanen cikinsa ba su fito ba tukuna. Na karanta wannan layin na ga kamar wasa nake yi da kalmomi, alhali haka maganar take.

Ɗana Dogo da abokin aikinsa, wanda kowa ke kira Direba, suna cikin wani tankin ƙarfe a farfajiyar kamfaninsu, bakin tashar jiragen ruwa. Daga jirgin aka zuro su cikinsa ta wani bututu, iskar duniya ba ta taɓa su ba. Tankin fari ne, a kwance, kamar na motar mai da aka cire wa tayoyi, da 'yar taga ta gilashi mai kauri wadda faɗinta bai wuce faranti ba. Na leƙa na ga rabin fuskar Dogo, ya ɗaga mini hannu. Tsakaninmu bai fi kamu ɗaya ba. Amma mutumin da ke zaune gaban agogunan tankin, wanda na laƙaba wa Mai Agogo, ya ce mini ba tare da murmushi ba, "Malam, yanzu suna ƙasa, mita ɗari biyu da 'yan kai."

Gwamnati, wato uwar 'ya'yana, ta dube shi, ta dubi simintin da take tsaye a kai. "Ƙasan ina? Ga yaro a gabana. Ku buɗe."

Sai kowa ya juyo wajena, tunda ni ne malamin kimiyya.

Litinin, bayan la'asar

Kowace shekara sai an samu wani mai kaifin kai a ajina ya ɗaga hannu. "Malam, tunda ruwa ne ke matse jirgin ƙarƙashin teku daga waje, me zai hana a ɗura masa iska a ciki, ta tokare daga ciki, ya ƙara nitsewa?" Amsata ba ta canzawa: "Ƙarfen zai gode maka. Mutanen ciki ne za su kai ka ƙara." Aji ya yi dariya, in share allo, mu wuce. Ashe wani irin yaron nan ya girma, ya ɗaura taye, ya samu kamfanin da ya saurare shi.

Na sayo kwalbar lemo don in yi wa Gwamnati bayani. Na ce jikin yaron ya sha iskar nan ya ƙoshi, tana cikin jininsa kamar yadda gas yake cikin lemon nan. A buɗe a hankali, ta fita ba a sani ba. Na jijjiga na ɓalle marfin, kumfa ta wanke mini gaban riga.

Ta miƙo mini tsumma. "To ni ɗa na haifa, ba lemo ba."

Talata, da safe

Babu wanda ya gaya mana abin da ya faru a can ƙasa. "Wani abu ya kuɓuce," iyakar abin da ake cewa ke nan. Abin da ya kuɓucen ya sami hannun Direba na dama. An tura musu ma'aikacin jinya ta ƙaramin ɗakin da ke jikin tankin, shi ma yanzu ya zama ɗan gida, ba zai fito ba sai tare da su.

Likita ta zaunar da mu a kan benci, mu da matar Direba, yarinya ƙarama mai goyo. Ta ce abu biyu ne. Hannun Direba yana bukatar tiyata, kuma kowace rana da ta wuce ba a yi ba, tana ɗauke wani abu. Sannan ba a gaggawar rage iskar. Duk wanda ya ji ciwo a gaɓa, ko ɗan tsami ne, dole ya faɗa nan take, a tsaya, a mayar da su ƙasa. In ya yi shiru aka ci gaba, kumfar iskar da ke cikin jini tana iya kama lakar gadon baya, mutum ya fito a keken guragu.

Matar Direba ta ce, "Kwana nawa, Likita?"

"Kusan mako guda, in babu wanda ya ji komai."

Muka ce Allah ya sa kada kowa ya ji komai. Duk da murya ɗaya muka faɗa.

Talata, da azahar

An ba mu waya. Iskar da suke shaƙa ba irin tamu ba ce, an gauraya ta da wani gas marar nauyi da ake kira hiliyam, saboda haka Dogo, mai muryar da ke girgiza kwanuka in yana kiran ƙannensa, yanzu magana yake kamar agwagwa ta sha sanyi. Gwamnati ta kara wayar a kunne, ta saurara, ta miƙo mini. "An haɗa ni da wani yaro."

Da ta gamsu shi ne, ta ce, "Ya jiki?"

"Haba Mama, wane jiki kuma? Ni lafiyata ƙalau. Ga marar lafiya can a kwance."

"Mutum a cikin gwangwani ai sai a ce masa ya jiki."

Laraba, da hantsi

Allurar agogon da ke nuna zurfinsu ta ɗan motsa. Na zauna ina kallonta kamar mai jiran tukunya.

Laraba, da yamma

Akwai wata 'yar ƙofa a jikin tankin, kamar akwatin gidan waya, ta nan ake tura musu abinci. Gwamnati ta faki idon Mai Agogo ta cusa gorar roba da sauran shayi rabi a ciki, ta murɗe marfin tam don kada ya zube. Dogo ya ɗago gorar a taga yana dariya: ta lanƙwashe kamar babbar mota ta bi ta kanta. Shekarun da na yi ina neman gwajin da zai sa ɗalibai su yarda iska tana da nauyi, ga shi matata ta yi shi ba ta sani ba, kuma babu aji.

Ita ba ta yi dariya ba. Ta daɗe tana kallon gorar, sannan ta ce, "Abin da ya yi wa robar nan, a cikinsa yaron yake kwana?"

Na ce jikin mutum ruwa ne, ruwa ba ya matsuwa. Gaskiya ce, amma ba ta yi wa kowa amfani ba.

Ta karɓi waya. "Ya jiki?"

"Mama, kin fara ko? Lafiya lau nake. Sanyi ne kawai, kuma komai na ci kamar kwali."

Alhamis, da safe

Wani babba daga kamfanin ya zo, da taye mai ɗigo-ɗigo. Ya ce mu kwantar da hankalinmu, ta fuskar fasaha an yi nasara, jirgin ya kai inda bai taɓa kaiwa ba kuma ko lotsawa bai yi ba. Na ce madalla, a gaishe mana da jirgin.

Bayan ya tafi Mai Agogo ya ba ni kujera a gefensa. Ya ce ƙofar jirgin an ƙera ta ne don ruwa ya riƙa danne ta, to da aka cika cikin da iska, duk lokacin da jirgin ya taso sai ƙofar ta nemi tashi sama, dole aka ƙara mata maƙalai. Batura suka ƙi iskar, aka sake musu gida. Agogon hannun mutane suka riƙa fashewa. Sannan ga tankin nan, ga tulunan gas jere kamar sojoji, ga shi kansa da abokin canjinsa.

Na ce, "Da an ƙara wa ƙarfen kauri fa?"

Ya ɗaga kafaɗa. "Sai jirgin ya yi nauyi, Malam. Kowa da inda yake so nauyin ya sauka."

Na san inda ya sauka. Ban faɗa ba.

Alhamis, da la'asar

Matar Direba ta saba da mu. Tana kirana Baba, tana ajiye wa Gwamnati wuri a benci, jaririnta kuma ya gano gemuna. Ta ce mijinta da hannun nan yake komai, har kitson wasa yana yi wa babbar 'yarsu. Ta faɗa tana dariya, sai dariyar ta tsaya a hanya.

An wuce rabi, in ji allura.

Juma'a, da hantsi

Gwamnati ta karɓi waya. "Ya jiki?"

"Da sauƙi, Mama."

Suka yi hirar ƙannensa, da famfon gidanmu da ke yoyo. Ta ajiye wayar. Allura tana tafiya yadda ake so. Likita ta ce in aka ɗore haka, ranar Litinin za a buɗe, motar asibiti tana jira.

Juma'a, da yamma

Na gyara famfon.

Asabar, da safe

Akwai kyanwa a farfajiyar nan, baƙa da farin wuya, tana kwana a kan bututun da ke ɗumama tankin. Ita kaɗai ce ta amfana da wannan fasaha. Na karanta rabin wani littafi a kan yadda mutanen da suke janyo ruwa zuwa birane, ban riƙe ko layi ɗaya ba. Mai Agogo ya yi musu tambayarsa ta kullum, "Akwai mai jin ciwo a gaɓa?" Muryoyin agwagi uku suka ce babu.

Lafiyayye ba ya cewa da sauƙi. Tun da nake ban taɓa jin an tambayi mai lafiya jiki ya ce da sauƙi ba. Sai ya yi abin da Dogo ya yi duk kwanakin nan, ya ce wane jiki. Amma ni malamin kimiyya ne, ba na nahawu ba, kuma mutum yana iya gajiya da musu da uwarsa.

Asabar, bayan azahar

Na leƙa taga ba su san ina nan ba. Ma'aikacin jinya yana can kan Direba, ya juya baya. Dogo yana salla a zaune a bakin gado, ƙafar hagu a miƙe.

Rufin tankin gajere ne, shi kuma dogo. Shekaranjiya dai a tsaye na gan shi yana yi, ya ɗan sunkuyar da kai.

Da ya sallame ya gan ni. Waya ba ta da sirri, duk abin da aka faɗa yana fita ta lasifikar Mai Agogo. Sai na ja da baya yadda zai gan ni, na dafa gwiwata. Ya girgiza kai. Na sake dafawa. Ya nuna gadon Direba da haɓa, ya ɗora yatsa a baki, ya ɗaga mini yatsu biyu. Kwana biyu. Sannan ya haɗa tafukansa yana roƙona, kamar yadda yake yi yana ƙarami in ya fasa abu ba ya so uwarsa ta sani.

Na koma benci. Matar Direba ta zuba mini shayi. Na sha.

Asabar, da magariba

Muka kama hanyar gida a mota har muka wuce gada. Sannan Gwamnati ta ce, "Malam, ka ji abin da na ji jiya?"

"Na ji."

"Yau ban tambaye shi ba. Tsoron amsar nake."

Na ce wataƙila kwanciya ce, katifar tankin ba ta kirki ba ce.

"Kada ka yi mini aji." Ta juya tana kallon waje. "Yarinyar nan tana ce mini Mama."

Da muka iso ƙofar gida ba ta fita ba. Matar da ta yi kwana da kwanaki tana cewa a buɗe, a buɗe, ita ce ta ce mini, "Ni ban san allurarsu ba. Kai ka sani. In buɗewar ce za ta karya mini shi, ka ce kada su buɗe."

Lahadi, da sassafe

Na sa takalmi, na cire, na sake sawa.

Lahadi, da hantsi

Na faɗa.

Lahadi, bayan la'asar

Ba ni da hujjar da za ta shiga littafin Mai Agogo. Na ce masa yaron ya ce da sauƙi, kuma yana salla a zaune. Na ɗauka zai yi mini kallon tsohon da rana ta taɓa. Sai ya miƙa hannu ya rufe wani famfo, ya kira Likita. Ta sa ma'aikacin jinya ya ce wa Dogo ya tsaya da ƙafa ɗaya. Bai iya ba. Aka soka masa tsinke a tafin ƙafar hagu, ya ce yana ji, amma kamar ta cikin safa.

Likita ta tambaya tun yaushe. Dogo ya kau da kai. Ta juyo ta tambaye ni. Na ce Juma'a. Ta rubuta.

Iska ta fara shiga tankin da ƙara kamar ana yanka ƙarfe. Allurar da muka yi mako muna lallashi ta juya ta koma inda ta fito, a gaban idonmu, cikin abin da bai kai shan shayi ba.

Matar Direba ta taso da goyonta. "Me ya faru? Me ya sa take komawa?" Ta zo gabana. "Baba, na ga kun yi masa magana. Me kuka ce masa?"

Na gaya mata.

"Gwiwa," in ji ta. Ta maimaita, a hankali, kamar tana auna kalmar. "Gwiwa. Shi kuma hannun fa, Baba?"

Da ina da amsa da na ba ta. Duk littattafan da na tara a gida, har kan firji.

Litinin

Yau ce da za a buɗe.

Talata, da azahar

Ciwon ya tafi da aka mayar da su ƙasa, ƙafar tana dawowa. Likita ta ce an yi sa'a, da an ƙara kwana ɗaya da ba wannan maganar muke yi ba. Ta kuma ce da an faɗa tun Juma'a, da tsayawar ba ta kai haka ba. Duka biyun a numfashi ɗaya ta faɗe su, ta bar ni in zaɓi wanda zan tafi da shi gida.

Za su zauna a ƙasa tukuna, sannan a fara tasowa, a hankali fiye da da.

Dogo ya ƙi karɓar waya in ni ne. Yana magana da uwarsa. Na leƙa taga, ya rataya tawul ya rufe ta.

Laraba, da safe

Matar Direba ta koma ɗaya bencin, wanda rana ke duka. Ta gaishe mu, cikakkiyar gaisuwa, har da rusunawa. Da ta zage ni da ya fi mini.

Alhamis

Zazzaɓi ya kama Direba. An tura magunguna ta 'yar ƙofa, duk an sassauta marafansu.

Juma'a, da la'asar

Mai taye ya dawo da wasu baƙi, ya nuna musu jirgin da ke kan tirela an wanke shi yana ƙyalli. Bai kawo su ta wajenmu ba. Na ji yana cewa mita kaza, mita kaza. Na yi niyyar in tashi in ba su amsar da nake ba ɗalibai, sai na ga ba ta da ban dariya kuma.

Likita ta kira matar Direba ofis. Sun daɗe. Gwamnati ce ta riƙe jaririn, ba wanda ya ce ta riƙe, ba wanda ya hana.

Lahadi

Allura. Kyanwa. Tawul.

Talata, da hantsi

An buɗe. Babu wata ƙara, ƙofar ta saki kawai, wani wari ya fito na mutane uku da suka daɗe a rufe. Direba aka fara fitarwa a gadon ɗauka, an lulluɓe hannun, matarsa tana bin gefe da gudu-gudu. Sai ma'aikacin jinya. Sai Dogo, ya sunkuyo, ya sa ƙafar dama a ƙasa, sannan ta hagu. Ta ɗauke shi. Ya rame, gemu ya cika masa fuska. Gwamnati ta riƙe rigarsa tana ta shafa masa hannu, bakinta yana motsi.

Ya ce mini, "Ina wuni, Baba," da safe, yana kallon motar asibiti.

Laraba, da yamma

An yanke, daga ƙasan gwiwar hannu.

Na tambayi likitan tiyata ko da an zo da shi wancan makon. Ya ce, "Wataƙila. Wataƙila kuma a'a." Mutumin kirki ne, ya ga fuskata ya ƙara wataƙila ta biyun.

Asabar, bayan azahar

A asibiti Dogo yana hawa na ƙasa, ana duba ƙafarsa. Direba yana hawa na biyu. Yau na hau. Na tsaya a bakin ƙofa da ledar ayaba kamar ɗan aike, har matarsa ta gan ni. Ta tashi ta ba ni kujera, ta fita da jaririn.

Direba ya fi yadda na zata ƙanƙanta, duk ta taga na san shi. Ya miƙo mini hannun hagu, na kama da nawa biyu.

"Malam, an ce kai ka taka mana burki."

"Ni ne."

Ya daɗe yana kallon silin. "Na ga yana ɗingishi tun ranar Alhamis. Gadona yana kallon nasa." Ya juyo ya dube ni. "Ni ma ban faɗa ba."

Na gyara ledar ayaba a kan tebur.

"Yana tafiya?"

"Yana tafiya."

"To me ya hana shi hawowa? Kwana huɗu ina jin muryar kowa ban da tasa."

"Kunya, ina ji."

"Kunyar me? Ka ce masa in ji ni, ya zo da ƙafafun nan nasa, tunda an biya su. Maɓallin rigar nan tun safe nake fama da shi, kuma na gaji da kiran matata."

Na sauka na faɗa wa Dogo, kalma da kalma, ban ƙara ban rage ba. Yana zaune a bakin gado, bai dube ni ba. Can ya jawo silifas da yatsan ƙafa, ya miƙe. Akwai lif a ƙarshen baranda, ya wuce shi ya nufi matakala. Na bi shi a baya, ba kusa sosai ba, idona a kan gwiwar hagu. Tana lanƙwasawa, tana miƙewa, har muka kai sama.